Sittin da Biyu

A wajen gangamin ba da jini da aka yi wata Asabar a bayan Ƙofar Nassarawa Murja ta fara ganin Muttaka. Yana zaune da farar riga, sikeli a gefen ƙafarsa, shi ke auna mutane kafin su shiga ciki. Da layi ya zo kanta ya dube ta sau ɗaya, doguwa siririya, hijabi na lilo a jikinta kamar an rataye shi a ƙusa.

"Malama, ki yi haƙuri," ya ce. "Sai mutum ya kai kilo hamsin muke ɗibar jininsa. Allah ya ba ki ladan niyya."

"Ka auna ni?"

"Shekarata huɗu a wannan aikin, da ido nake faɗa. Ba ki wuce arba'in da bakwai ba."

Murja ta tuɓe takalmi ta hau. Allurar sikeli ta wuce hamsin ko sallama ba ta yi ba, ta je ta tsaya cak a kan sittin da biyu. Muttaka ya sauke ta, ya bubbuga sikelin, ya karɓi jakarta ya riƙe, ta sake hawa. Allura ta koma inda take.

"Ina kike ɓoye shi?" ya tambaya.

"A hannu," ta ce. "Ƙuli muke yi ni da Innata a Dala. Tun ina shekara sha biyu nake ɗaga buhun gyaɗa ina matsar mai."

Ya yi dariyar da kunya ta fi yawa a cikinta, ita kuma ta ji dariyar ta kwanta mata a rai. Kafin la'asar saƙo ya shigo wayarta:

"Salam. Mai sikelin da ya sha kaye ne. Ki sha ruwa da yawa yau. In kin ba ni izini, zan zo in ba da haƙuri a gaban manya."

Ta amsa: "Ka zo, Malam Sikeli. Amma ka bar idonka a gida, ba ya aiki."

Ya zo, ya gaida Inna da Bappa, ƙanen mahaifinta marigayi, wanda shi ne waliyyinta. Daga ranar bai ƙara kiranta Murja ba, sai Sittin-da-biyu. Wata shida suna zance a zaure, ƙamshin suyar gyaɗa na fitowa daga cikin gida, har ya kai in ya makara sai ta ji ƙulin ma ba ya yi mata daɗi. Ta so shi, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Matsalar ta ɓullo ne ranar da mahaifiyarsa ta gan ta. Hajiya 'Yardada mai sayar da hatsi ce a Kabuga, mace mai kirki, amma in ta kafe ko jaki ya san da zamanta. Ta amsa gaisuwar Murja da fara'a, tana bin wuyan hannunta da kallo. Bayan Murja ta tafi ta ce wa ɗanta ba da ita ba. Ƙanwarta Lauratu haka take siririya, haihuwar fari ta tafi da ita, ba za ta sake zuba ido ta ga irin wannan ba. Ga Bahijja 'yar yayanta, yarinya a cike kamar tumatir, me ya rasa a gida?

Muttaka ya kai mata takardun gwaji, ya nuna mata jinin Murja lafiya lau. Hajiya ta ture takardun, ta ce ita idonta ne takardarta. Da ya matsa sai ta yanke magana a gaban yayyensa: ranar da yarinyar nan ta kai nauyin Bahijja, ita da kanta za ta haɗa lefe.

Ya rubuto wa Murja: "Sittin-da-biyu tawa, ki daure ki ƙara ci ko na wata ɗaya ne, mu samu mu wuce wurin."

Saƙon ya yi mata ciwo. Ta mayar masa: "Ashe har yanzu da idon kake aiki." Ta kife wayar, kwana uku ba ta ɗauki kiransa ba.

Amma fa ta ci. Fura da nono da safe, tuwo malmala biyu, madara, dabino, har Inna ta fara tambaya ko aljanu ne suka shige ta. Wata guda cur, kilo ɗaya ta ƙara, shi ma ba wanda ya san inda ya shiga. Wata maƙwabciya ta kawo mata ƙwayar ƙiba da mata ke kira sha-ka-fashe, ta ce sati uku kumatu za su fito. Murja ta san Muttaka ya sha faɗa mata kumburi ne kawai ƙwayar ke sa wa, ta bar mutum da ciwo. Duk da haka ta karɓa ta jefa a jaka, don tsoron rasa shi ya fi ƙarfin tsoron ƙwayar.

Da ƙwayar a jakarta ta tafi wani suna a cikin Dala washegari. An yi ruwa, lungu ya yi santsi. Tana fitowa ta tarar da mata sun yi cirko-cirko a kan wata da ta zame ta gurɗe ƙafa. Bahijja ce, wadda ta taɓa gani a gidan Hajiya. Adaidaita ba ya shiga lungun, matan kuwa kowacce sai sannu take yi, wai wa zai iya ɗaga wannan.

Murja ta durƙusa. "Hau bayana."

"Ke? Za ki karye."

"Hau dai."

Ta miƙe da ita a goye. Taku uku ta yi ta ji wani abu da ya kusa sa ta tsaya. Bayan da ya saba da buhu ba ya ƙarya, kuma wannan kayan bai fi buhun gyaɗa da wani abin kirki ba.

"Bahijja, nauyinki nawa?"

"Ban sani ba, tsoron sikeli nake ji," ta ce a wahale. "Kowa cewa yake na kai saba'in da biyar. So nake in sauko sittin. Tun jiya ruwan lemon tsami kawai na sha, shi ya sa jiri ya ɗebe ni."

Murja ta sa ta a adaidaita, ta raka ta wurin mai gyaran targaɗe. A hanyar dawowa ta jefa ƙwayar a kwata, ta ciro waya:

"Malam Sikeli, na huce. Ka kawo sikelinka gidan Hajiya ranar Juma'a bayan masallaci. Ka gaya mata na shirya."

Ya amso nan take: "Ba ki sha komai ba dai ko? Wallahi gara in jira shekara goma da ki taɓa lafiyarki. Ki yafe min wancan saƙon."

"Ban sha ba. Ka zo da shi kawai."

Ranar Juma'a tsakar gidan Hajiya ya cika. Bappa ya zo ya zauna a bakin ƙofa da sandarsa. Bahijja ta ɗingiso, ta ce wadda ta goya ta ba za ta ƙi mata hawa sikeli ba. Hajiya ta dubi Murja sama da ƙasa, ta ga ba abin da ya ƙaru, tausayi ya kama ta.

"'Yar nan, da kin bari an ƙara wata biyu."

"A auna dai, Hajiya."

Murja ta hau: sittin da uku. Bahijja ta hau tana runtse ido, tana dafe da bango.

"Saki bangon," in ji Muttaka. Ya sunkuya ya duba, ya sake dubawa. "Hamsin da takwas."

Bahijja ta buɗe ido. "Nawa? Wato wata biyar ina kashe kaina da yunwa a kan sittin, ashe ina ƙasa da ita ban sani ba?" Ta faɗa jikin Murja tana dariya da hawaye, ta ce a zubo mata shinkafa yanzun nan.

Hajiya ta ce sikelin ɗanta ne, ba ta yarda ba. Aka shigo da nata na hatsi, wanda ta ce bai taɓa cutar kowa ba. Abin da wancan ya faɗa shi wannan ya maimaita.

Bappa ya gyara murya. "Hajiya, ke fa mai hatsi ce. Kwanon gero da kwanon dusa, cikarsu ɗaya a ido, nauyinsu ɗaya ne?"

"A'a."

"To haka tsoka da kitse suke. Mu da muka tashi cikin shanu mun sani, wata saniyar za ta cika ido, mahauci ya ɗaga ya ji ba komai. Ga kuma tsawo, abin da aka zuba a doguwar jarka ba ya nuna kansa kamar a gajera. Su biyun nan kowacce lafiyarta ƙalau, ginin ne daban."

Hajiya ta kamo damtsen Murja ta matsa, ta ji shi kamar taɓarya. Idonta ya kawo ruwa.

"Lauratu ba haka hannunta yake ba," ta ce a hankali. "Na faɗa a gaban mutane, ba zan yi magana biyu ba. Audu, kira min mai akwatuna."

Audu, babban yayan Muttaka, ya fita yana murmushi. Wayar Murja ta yi motsi a cikin hijabi, daga mutumin da ke tsaye taku biyar da ita: "Sau biyu kenan kina kayar da mu 'yan gidan nan, ni da Hajiya. Ina son ki, Sittin-da-uku."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, Bahijja ce babbar ƙawa. Da aka kawo amarya gaban Hajiya ta durƙusa kanta a lulluɓe. Hajiya ta kama hannunta za ta ɗaga ta, ta ja, ta sake ja, amarya ko gezau. Mata suka fashe da guɗa.

"Tashi da kanki, 'yata," in ji Hajiya tana dariya. "Ni na riga na san abin da Allah ya ba ni. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya masu ƙashi irin naki."

Gida ya ɗauka da amin, Murja ta miƙe.