Gaisuwar Da Baffa Bai Gani Ba

Kyamara Indo ta zo saye ranar da ta fara shiga shagon Sharhabil a Unguwar Sarki. Ita ce sakatariyar wata ƙungiyar mata manoma a Rigachikun, kuma duk wata suna taron bidiyo da masu tallafa musu daga Abuja.

"Malam, wadda ta fi kowace kyau nake so," ta ce. "Kullum sai sun ce ba sa gane mu."

Sharhabil ya ɗago kai, sai da ya manta da wayar da yake naɗewa.

"Ganinku ne ba sa yi, ko jinku?"

Ta ɗan yi tunani. "Ji ne."

"To ai kyamara ba ta da kunne, Hajiya. Mutum nawa ke zama a ɗakin? Akwai fanka? Taga tana gabanku ko bayanku?"

Ƙarshe dai ɗan makirufo ya ba ta na ajiyewa tsakiyar tebur, ya ce su rage fanka, su daina juya wa taga baya. Indo ta fita tana mamakin mai shagon da ya hana ta sayen kaya mai tsada. Gaskiya ya burge ta.

Bayan taron ta tura masa saƙo: "Yau sun ji mu tar, har tarin shugabarmu. Na gode."

Ya amsa: "Alhamdulillahi. Ni ma zan so in riƙa jin muryarki tar, in an ba ni dama."

Aka kuwa ba shi. Kafin damina ta fita, yana kiranta Sanyin Idona, ita kuma Injiniyana.

Sai maganar aure ta taso. Mahaifin Indo ya rasu, waliyyinta shi ne yayansa, Baffa Zakari, wanda ke zaune a Kumasi, ciwon ƙafa ya hana shi tafiya. Ya ce ba zai ba da 'yar ƙanensa ba sai ya ga tarbiyyar yaron da idonsa.

Aka sa ranar gaisuwa ta bidiyo a gidan Innar Indo a Rafin Guza. Gwanin namu, mai tsara wa manyan ofisoshi ɗakin taro, tsoro ya kwashe masa basira. Indo ta jingina wayarta da filas a kan tebur, fanka na ta kaɗawa, bai gyara ko ɗaya ba.

Fuskar Baffa na bayyana, Sharhabil ya zame daga kujera ya tsugunna, kai a ƙasa, yana jero gaisuwa. Baffa kuwa kujera kawai ya gani babu kowa, ga hucin fanka ya cika masa kunne. Ya jira kaɗan, ya kashe.

"Yaron da zai gan ni ya tashi ya bar mini kujera?" ya ce wa Inna daga baya. "Ba da ni ba."

Indo ta sha kuka. Ta rubuta: "Injiniyana, Baffa ba ya magana biyu. Ina tsoron rasa ka."

"Sanyin Idona, laifina ne," ya amsa. "Na tsugunna inda kyamara ba ta kai ba. Ki roƙi Inna ta samo mini dama ɗaya."

Sati biyu Inna tana lallashi kafin Baffa ya yarda.

Ranar Asabar tun da hantsi Sharhabil ya iso da kayansa. Ya zauna a ƙasa ya gwada tsayi, ya kafa kyamara mai ɗaukar faɗin ɗaki daidai gwiwa, domin a gidan nan a kan tabarma ake girmama manya. Ya sa makirufo tsakiyar tabarmar, ya kashe fanka, ya saki labule. Indo na leƙe daga ƙofa, sonsa na ƙara shigarta.

Bayan la'asar Baffa ya bayyana a allo, fuska a ɗaure. Sharhabil ya tsugunna, ya sunkuyar da kai.

"Barka da yamma, Baffa. Ya ƙarfin jiki?"

Tsohon ya matso da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Haka ka yi wancan karon?"

"Haka na yi, Baffa."

"Ashe kana ƙasa, ni ina can ina zagin kujera." Ya girgiza kai. "Ka yafe mini. Tashi, ɗana, na ba ka Indo."

Ranar ɗaurin aure Baffa ya wakilta wani ƙanensa da ke gari, shi kuma yana allo, sanye da babbar riga. Da ya ɗaga hannu ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, kowa ya ji shi tar. Jama'a suka amsa da amin, shi ma daga Kumasi ya ji su, yana share hawaye.