Romon Baƙar Kaza

"Ba zan iya rubuta miki maganin nan yau ba, Meng-lan."

Likita Fang ce ta faɗa, idonta a kan takardar gwajin jinina.

Na lalubo hannun saurayina Wen-lung na damƙe, har sai da farcena ya shige shi.

"Me... me ya faru, Likita?"

"Sukarinki lafiya, ƙodarki lafiya, hawan jini babu. Amma dubi nan." Ta juyo min takardar, ta ɗora biro a kan layi biyu da aka buga da ja. "Wannan na hanta ne. Ya ninka yadda ya kamata har sau shida."

Hanta...

Shekarata ashirin da shida. Ranar da aka haife ni a nan birnin Tainan aka ce an samu ɗa namiji, aka sa min Chih-hao. Ni kuwa tun ban iya ɗaura igiyar takalmi ba na san mace ce ni. Shekara biyu na yi ina zarya wajen likitan ƙwaƙwalwa, na canja suna, na tara gashi, na samu takardar da ake nema. Abu ɗaya ya rage, a ɗebi jinina a ga ko jikina zai ɗauki ƙwayoyin sinadarin mata. Da sabuwar riga na zo ranar.

"Kina shan giya?"

"A'a."

"Taba fa?"

"Na daina tun bara, da kika ce tana daskarar da jini."

"Wani magani? Ko da na ciwon kai ne?"

"Ko ɗaya, Likita."

Kuma a iya sanina gaskiya na faɗa mata.

"A gidanku akwai wanda ya taɓa ciwon hanta?"

Wen-lung ne ya amsa a hankali, "Mahaifinta. Shi ya yi ajalinsa."

Ina da shekara goma sha uku na ga idon Baba ya koma rawaya, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka zama kamar kara. Wata biyar ya yi a kwance.

"Za mu sake ɗibar jini mu nemi ƙwayar cuta, a kuma yi miki hoton ciki," in ji Likita. "Ki dawo Alhamis ta sama. Hanta ce ke tace maganin nan, in na ba ki shi a haka cutar da ke zan yi."

Muna fitowa na zauna daɓas a gefen baburinsa.

"Lan-Lan, dube ni."

"Ka tafi abinka, A-Lung. Tun da wuri."

"In tafi ina? Hular kwanonki na hannuna."

"Ba wasa nake ba. Mutuwa zan yi kamar Baba, kuma a jikin nan zan mutu... ko kwana ɗaya ban yi a nawa ba."

Ya durƙusa a gabana a tsakiyar mutane, da hannayen nan nasa da baƙin mai ba ya fita. Makanikin babur ne, a garejinsa muka haɗu ranar da nawa ya mutu cikin ruwan sama.

"Masoyiyata, takarda ce kawai ta yi ja. Ba wanda ya ce miki mutuwa."

"Tsoro nake ji."

"Ni ma," ya ce. "Hau mu tafi."

Ban taɓa ganin mako mai tsawon wannan ba. Kullum da safe sai na je gaban madubi na ja fatar idona ƙasa ina neman rawaya. A shagon da nake ɗinkin rigunan amare, sau uku na soke yatsana a wuni ɗaya, har uwar ɗakina ta ce in matsa kar in ɓata mata farin leshi. Ga kasala, ga tashin zuciya. Abinci ya ƙi shiga, in ban da romon baƙar kaza.

Wata huɗu ke nan Wen-lung yana kawo min shi kullum da safe a cikin jan filas. Baƙi ƙirin, da ɗan ɗaci-ɗaci, da ƙamshin itatuwa. Ya ce mahaifiyarsa ce ke dafawa. Matar da ranar da na je gaishe ta ko kujera ba ta nuna min ba. Amma daɗi ya hana ni tambaya, na ce ashe ta fara saukowa. Makon nan har ƙara sha na yi, wai don in samu ƙarfi.

Ranar Litinin sai ga Chia-yu a shago.

'Yar ƙawar mahaifiyarsa ce, ita ake so ya aura. Kullum tana gidansu, yau wanke-wanke gobe wanki, sai ka ce an riga an kai ta.

Ta shafa wata riga da ke rataye, ta yi min murmushin da bai kai ciki ba.

"Sannu da jiki."

"Wa ya ce miki ba ni da lafiya?"

"Aljihun Yaya Lung. Ni nake masa wanki ai." Ta gyara jakarta. "Na nuna wa Goggo takardar gwajinki. Kuka ta yi ta yi, ta ce bayan jikan da ba za ta samu ba, yanzu kuma jinya za a ɗora wa ɗanta."

Na ajiye allurar da ke hannuna.

"In haka ne me ya sa take aiko min romo kullum?"

Ta kalli jan filas ɗin da ke kan tebur, sai ta kwashe da dariya.

"Goggo? Ta dafa miki romo? Haba, baiwar Allah. Ba filas irin wannan a gidan, ni na san kowane cokali." Ta nufi ƙofa, ta waiwayo. "Ki tambaye shi wace ce ke dafa masa. Ƙila ba ke kaɗai ba ce."

Ban tambaye shi ba. Tsoro biyu ya haɗe min, ban san wanda zan fara ji da shi ba.

Washegari ƙarfe shida na safe ina kan baburina a bayan garejinsa. Ya fito da filas ɗin jiya, na bi shi daga nesa. Ya wuce kasuwar kifi. Ya wuce haikalin da ke kan kwana. Da ya karya hagu wajen mai sayar da madarar waken suya, sai na gane inda ya nufa.

Lungun gidanmu ne.

Rabona da shi shekara biyu, tun ranar da Mama ta ce min, "Ɗa na haifa. Ranar da ɗana ya dawo sai ya buga ƙofa."

Ƙofar a buɗe take. Mama na tsaye da ludayi, ta rame, furfura ta cika mata kai. Ta karɓi filas ɗin daga hannunsa kamar abin da suka saba.

"Ya shanye na jiya?"

"Tas, Goggo."

"Gashin fa?"

Na cire hular kwano.

"Ga shi nan, Mama. Ki duba da kanki."

Wen-lung ya yi tsuru-tsuru. "Lan-Lan... ita ta sa na yi rantsuwa ba zan faɗa ba."

Mama ta juya min baya tana ta motsa tukunyar da ba ta buƙatar motsi.

"A kasuwa na hango ka, A-Hao," ta ce, da tsohon sunana. "Ta baya. Gashin goshinka yana zubewa irin na ubanka. Na ce in dai dole sai ka tara gashi, to ka tara mai kyau, kar a ce ba ka da uwa."

Hawaye suka zubo min. Na so in rungume ta, na so in yi mata ihu, sai abin da ya fi damuna ya riga fitowa.

"Mama, an gwada jinina. Hantata ce... kamar Baba."

Ludayin ya faɗi ƙasa.

Ta dafa bango. "A'a. A'a, ba za a yi min sau biyu ba."

A nan idona ya sauka a kan teburin kicin. Ƙunshin takardu ne jere, irin na shagon maganin gargajiya, ɗaya a buɗe, da yankakkiyar saiwa baƙa a ciki. Tambayar Likita ta dawo min a kunne.

"Mama, mene ne wannan?"

"Ho-shou-wu ne, na baƙin gashi. Kowa na sha."

"Magani ne?"

"Wane irin magani? Abin romo ne. Mai shagon ya ce yanka uku, ni kuma da na ga abin na gaggawa ne nake zuba cikin hannu."

Muka kalli juna ni da Wen-lung. Ya tattara ƙunshin ya zuba a jaka.

Ba mu jira Alhamis ba. Mama ma ta biyo mu da silifas ɗin kicin a ƙafarta.

Likita Fang ta shinshina saiwar, ta cire tabarau ta dube ni.

"Na tambaye ki ko kina shan wani abu."

"Romo ne, Likita..."

"Haka kowa ke ce min. Romo ne, shayi ne, kakata ce ta ba ni." Ta girgiza kai. "Saiwar nan takan taɓa hantar wasu mutane, balle wata huɗu kullum. Daga yau ko ɗigo. Amma ban ce ita ce ba tukuna, sai sauran gwajin ya fito."

Mama ta miƙe tsaye.

"Likita, ni ce? Ni na sa masa guba da hannuna?"

"Ba ki sani ba, Goggo."

"Zai warke?"

"Za mu gani."

Kalmar nan ta "za mu gani" ita muka ɗauka muka tafi da ita gida.

Ranar Alhamis aka shafa min abu mai sanyi a ciki aka yi hoton. Na rufe ido ina jiran a ce an ga ƙari. Ba a ga komai ba, ƙwayar cutar ma babu ita a jinina. Likita ta ce a ba hantar mako shida ta huta, sannan a sake gwadawa. In ta sauka, to. In ba ta sauka ba, sai a tsaga a ɗebo ɗan yanki a duba.

A cikin makonnin nan Wen-lung ya kwaso kayansa daga gidansu ya koma ɗakin saman gareji.

"Me ka ce wa mahaifiyarka?" na tambaye shi.

"Na ce mata ko jinyar ce ni zan yi, ba a ɗora min ba. Na kuma ce Chia-yu ta daina taɓa min aljihu."

"In bai sauka ba fa, A-Lung? In Likita ta ce har abada ba zan sha maganin ba?"

"Zan yi baƙin ciki, don na san yadda kike son sa." Ya kama fuskata da hannu biyu. "Amma ni Meng-lan na gani ranar ruwan saman nan, tana zagin baburinta. Ita zan aura, 'yar lelena. Ko ja ko baƙi."

Na yi kuka a kafaɗarsa har rigar ta jiƙe. Tsoron dai bai tafi ba.

Ranar gwajin ƙarshe na tashi ban ci komai ba kamar yadda aka ce. Ina isa na tarar da Mama a bakin ɗakin ɗibar jini, da jan filas a cinyarta. Wen-lung ya zare ido.

"Kunun shinkafa ne," ta yi saurin cewa. "Shinkafa da ruwa. Ko gishiri ban sa ba, a kai wa Likita ta duba."

Da nas ta soka min allura, Mama ce ta kawar da kai.

Da yamma muka shiga mu uku. Likita ta daɗe tana kallon takardar. Na leƙa ina neman ja.

Ban gani ba.

"Ta sauka," in ji Likita. "Za mu fara da kaɗan, kuma duk wata uku sai an ɗebi jini. Ba romo."

Ta jawo takardar magani ta fara rubutu. Wen-lung ya kifa kansa a bayana, ina jin kafaɗunsa na girgiza.

Mama ta matso da kujerarta.

"Likita, maganin nan... ba zai taɓa wa 'yata hanta ba ko?"

"Shi ya sa muke gwadawa, Goggo."

"To ki rubuta min ranakun. Ni zan riƙa kawo Meng-lan."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taka sabon takalmi.

Bayan wata takwas aka yi aurenmu. Mahaifiyarsa ba ta zo ba, amma ta aiko ƙanenta, Wen-lung ya ce mu bar ta ta zo da ƙafarta. Ni na ɗinka rigata da hannuna.

Da safiyar ranar Mama ta zaunar da ni a gaban madubin ɗakinta, ta ɗauko matajin katakon da kakata ta taje mata kai da shi ranar nata auren. Ta taje daga sama har ƙasa, sau uku, tana yi min fatan alheri. Da ta zo goshina sai ta tsaya.

"Har yanzu nan bai cika ba," ta ce.

"Mama..."

"Ba abin da zan dafa." Ta share ido da bayan hannu, ta jawo gashin gefe ta rufe wurin, ta soka min jan fure. "Ɗago in gan ki."

Na ɗago.