Kwalbar Farko a Rafin Kanya

Ku rage fitilar nan. Wanda ya san zai yi dariya ya tashi tun yanzu, don wannan ba tatsuniya ba ce.

A wani ƙauye can bayan dutse an yi wani Bamaguje, sunansa Jatau ɗan Ranau. Shekara tara ya yi yana aikin kuku a gidan wani Bature mai haƙar kuza a Jos. A can ya ga wiski, giyar Turawa mai launin zuma. A can kuma wani tsoho mutumin Kurmi ya koya masa yadda ake tatso irinta daga tsimin dawa. Sana'ar banza ce, amma da ita ya dawo gida.

A Rafin Kanya yake aikinsa, cikin kwazazzabo, inda ba mai wucewa. Ganga ɗaya a kan murhu, an liƙe bakinta da laka. Bututun jan ƙarfe ya fito daga kanta ya ratsa ta cikin kwatarniyar ruwan sanyi. Tururi ya shiga ta nan, ya fito ta can yana ɗiga, fari kamar hawaye.

Doka ɗaya tsohon ya kafa masa. Kwalbar farko ba ta mutum ba ce, a gindin itace ake juye ta, ta masu wurin ce. Ya ce masa, "Su ba ta yi musu komai. Ɗan Adam kuwa, ido take ci." Jatau ya ga shaida da idonsa. A barikin kuza wani lebura ya yi mata kurɓa uku, kwana biyu aka fara ja masa sanda.

Shekara huɗu Jatau yana juye ta a gindin kanya, bai taɓa fashi ba. Sai ga Sambo, wani direban babbar mota, ya zo da labari.

"Jatau, barci kake yi. Wiski ta yi wuya a birni. Masu otal sai tara kwalabe suke, su cika da irin taka, su ƙona sukari su rina. Amma taka ta cika sanyi, kamar kunun mai jego. Mai yankan maƙogwaro ake nema. Jibi zan zo da wanda zai ɗanɗana."

Jatau ya ce, "Mai yanka ai ita ce ta farko. Ita kuwa ba a sha."

"Wa ya ce a sha ta zalla? Gaurayawa za ka yi. Kai kullum ka shayar da itace, ya taɓa ce maka an gode?"

Maganar ta kwana a ransa. Washegari ya ɗauki kwalabe, matarsa Tsakani ta tare shi a bakin ƙofa.

"Maigida, rana ta kusa tsaka. Ka bari ta karkata mana. Wa ke zama a rafi war haka?"

"Aiki gare ni," in ji shi, ya wuce.

Ya hura wuta. Ganga ta fara gunji. Ɗigo ya fara sauka. Da kwalbar farko ta cika, ya toshe bakinta da totuwar masara. Ya dubi kanyar, ya kau da kai. Ya tura kwalbar bayan wani dutse, ya sa ta biyu a bakin bututu.

Rana ta tsaya tsakiyar kai.

Kurciyoyin da ke kuka suka yi shiru. Sai ɗigon ya tsaya. Wuta na ci, ganga na tafasa, amma bututu ya ƙafe.

"Sannu da aiki."

Daga bayansa muryar ta fito. Ya waiga. Ba kowa. Da ya juyo, ga wani tsoho zaune a kan saiwar kanya, a gabansa, da wata farar riga da ta sha jiki. Yashin da ke tsakaninsu ɗanye ne. Babu sawu a kai sai na Jatau.

"Sannu, Baba. Daga ina?"

"Daga nan."

Bakin tsohon a gaba yake motsi. Muryar kuwa a ƙeya take sauka.

"Ƙishirwa nake ji, ɗana."

Jatau ya miƙa hannu ga kwalba ta biyu.

"Ba wannan ba. Ta bayan dutse."

"Baba, waccan ba ta yi ba tukuna."

"Shekara huɗu ina shanta. Na taɓa ce maka ba ta yi ba?"

Jatau ya ɗauko kwalbar, ya cire totuwa, ya tsiyaya a ƙoƙo. Warinta kaɗai ya sa shi hawaye. Ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu.

Tsohon bai karɓa ba.

"Ashe Jos ta cinye maka tarbiyya? A gidan ubanka haka ake ba baƙo abin sha?"

Nan Jatau ya gane. A wurinsu ba a miƙa wa baƙo ƙoƙo sai mai gida ya fara kurɓa a gabansa, don a san babu sammu a ciki. Wanda ya ƙi, ya faɗa da kansa cewa dafi ne ya miƙa.

"Da a ƙasa kake zuba mini, ba ruwana da bakinka," in ji muryar. "Yau ka toshe ta, ka ajiye wa mutane. To, ta zama abin sha ke nan. Buɗe mini hanya."

Gudu ba ya yiwuwa. Muryar tana baya, mai ita yana gaba.

Jatau ya kai ƙoƙon baki. Ya kurɓa. Bai haɗiye ba.

Kamar garwashi aka aza masa a harshe. Ya riƙe ta a kumatu, ya sunkuyar da kai, yana jiran tsohon ya karɓi ƙoƙon ko ya ɗan dubi wani wuri. Tsohon bai ƙifta ido ba.

"Yaya ka ji ta?"

Jatau ya gyaɗa kai.

"Da baki nake tambaya, ɗan Ranau."

Miyau ya fara taruwa. Maƙogwaro ya fara motsi da kansa, yana neman ja. Wani sanyi yana busa masa ƙeya, kamar mutum ya sa hanci daf da wuyansa. Idan ya haɗiye, ido ya tafi. Idan ya tofar a gaban wannan, bai san abin da zai tafi ba. Ya dubi ganyen kanya, kore shar. Ya dubi jan wuta. Ya dubi tafin hannunsa, kamar mai sallama da su.

Sai ya ja gwiwa. Ya ja, ya ja, har gindin itacen. Ya kifa fuska daf da saiwa, ya buɗe baki a hankali, ya bar ta ta zuba. Ya juye ƙoƙon a kai. Ya juye kwalbar kaf.

"Na tuba, Baba. Kwaɗayi ne."

Ƙasa ta shanye, ko alamar danshi babu.

Jatau bai ɗaga fuska daga saiwar ba.

"Ka kawo," in ji muryar. "Idonka naka ne. Amma sauran baki ka ba ni. Abin da ya riga ni taɓa rabona kuwa, nawa ne. Buɗe."

Ya buɗe. Wani abu mai sanyi kamar ƙanƙara ya taɓa masa harshe, sau ɗaya. Sai ya ji ɗigo yana faɗawa cikin kwalba. Ya ɗaga kai. Saiwa ce kawai.

Bai tsaya kashe wuta ba. Da ya isa gida, ya riƙa ƙirga kaji don ya gwada idonsa, yana duban fuskar Tsakani, har ta ce, "Lafiya? Yau ka fara ganina?" Ya yi dariya, ya ce ta kawo tuwo.

Ya kai loma ɗaya.

"Ba ki sa gishiri ba."

"Ni? Miyar da har ta so ta yi yawa?"

Ta ɗanɗana, ta dube shi. Ta ɗebo daddawa ta sa masa a baki. Bai ji komai ba. Ta fasa barkono ta goga masa a harshe. Ko motsi bai yi ba. Ta kawo zuma. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce kamar tsumma yake ci. Tsakani ta aza hannu a ka.

Bai sake komawa rafin ba, kuma mai dafa giyar da ba ya jin ɗanɗano ai ya gama. Ya tsufa ƙwarai. Har ya mutu yana zura zare a allura ba da taimakon kowa ba. Amma abinci sai dai ya tura kamar mai cike rami. Idan jikokinsa suna shan mangwaro, sai ya zauna ya zuba musu ido, can ya ce a hankali, "Akwai daɗi?"

Ku da kuke ratsa Rafin Kanya in an aike ku, ku ji da kyau. Kada wanda ya bi ta nan shi kaɗai. In kuwa aka yi muku sannu daga baya, kada ku tsaya neman mai ita. Ku tashi ku kwanta.