Nauyin da Ke Bayan Rariya

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da mai gareji ya sauke motar daga kan jak, ya goge hannu da tsumma, ya ce bari ya je ya gwada ta a hanya ya dawo. Tsohuwar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, ta girmi 'yarsa ma, fentinta ya koɗe har ba ka iya rantsuwa a kan launinta na asali. Marigayiya matarsa ce ta raɗa mata suna Rariya, wai don duk wanda ya hau bayanta sai ta tankaɗe shi kamar gari kafin ya sauka. Shi ma bai tsira ba, Direba take kiransa in tana jin tsokana, alhali ta san makaniki ne.

Tun da damina ta ɗauke yake fama da ƙasan motar nan. Ya cire tsofaffin shok ɗin da ke shanye wa mota gargada, waɗanda suka daɗe da zubar da mai, ya sa sababbi dogaye. Ya kwance sifirin ɗin baya, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin bodi, falle-falle, ya kankare tsatsa, ya shafe tsakaninsu da giris, ya ƙara falle a kowane gefe. Robobin da suka cinye ya sauya su, ya ɗan ɗaga bodin don cikinta ya daina gugar dutse. Mai walda, maƙwabcinsa, ya ce irin gatan da ake yi wa wannan gwangwani, ko amarya albarka. Mai gareji murmushi kawai ya yi.

Ba don ƙawa yake yi ba. 'Yarsa tilo tana gidansa da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, mijinta yana can nesa wurin aiki. Tsakanin gidan da asibiti kuwa babu kwalta, sai gargada da ramuka, kuma duk unguwar ba wata motar da ke iya hanyar sai Rariya. A kan wannan hanyar, a bayan wannan motar, uwar yarinyar ta cika bara.

Ranar ya shimfiɗa mata katifa a baya ta gefen hagu, 'yar ta ɗora kan uwar a cinyarta. Magana ta gagari marar lafiyar, don haka duk ramin da ya buga ta sai ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa gilashin da ke bayan kansa da zobenta, shi kuma ya rage gudu. Haka suka yi ta tafiya. Can sai ƙwanƙwasar ta ɗauke. Shi kuwa bawan Allah har sanyi ya ji a ransa, ya zaci ciwon ne ya lafa, ya ƙara wuta. Sai a ƙofar asibiti ya zagayo ya ga fuskar 'yarsa. Likita ya ce ba hanya ce ta kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Ya amsa da baki, amma tun ranar bai sake jin kukan sifirin ba face gabansa ya faɗi.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a aikin nan. Da ya sauke motar ƙasa, sai bayanta na hagu ya kwanta. Da tafin hannu yake aunawa tsakanin taya da bodi: a dama hannu ya shige har da saura, a hagu da ƙyar yatsu suke shiga. Ya musanya sifirin ɗin, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, hagun dai ya sake kwantawa. Mai walda ya shiga ƙasan motar ya duba ƙashinta, ya ce lafiyarsa ƙalau, sannan ya rage murya ya ce ko a nemi wanda zai yi mata addu'a. Mai gareji ya ce ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya jin tofi. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, kwanciyar nan ba ta ɓata masa rai har zuci. In ya buɗe gareji da safe ya ga gefen ya sunkuya, sai ya ji kamar ba shi kaɗai ba ne.

'Yarsa ta fito dafe da ƙugu, ta miƙo masa kwanon sha cike da ruwa. Haka yake gwada aikinsa: ya ajiye kwano a kujerar gefe, in ya je ya dawo kujera ba ta jiƙe ba, to aiki ya yi.

"Baba, magariba ta kawo jiki. Ka bari sai da safe mana."

"Uwata, wannan na cikin naki in ya tashi zuwa ba zai jira safiya ba."

Ta yi dariya, ta ce to kada dai ya wuce mararraba. Kowa ya san mararrabar nan. Tsohuwar hanyar asibiti ta yi hagu, amma ruwan bana ya tafi da kwalbatinta, wurin ya zama kwazazzabo mai zurfin da ba ka hango ƙasansa. Yanzu dama ake bi a zagaya.

Ya fita daga cikin gidaje, ya shiga gargada. Ramin farko ya taso, ya ƙanƙame sitiyari don sabo, sai motar ta haɗiye shi ba ko tari. Ta hau kan duwatsu ta sauka a hankali. Ya dubi kwano, ruwan yana ɗan rawa amma ko ɗigo bai zuba ba. Wallahi aiki ya yi kyau. Ya so ya yi murna, murnar ta ƙi zuwa. Ina ma haka take bara. Ya yi ta tuƙi yana share ido da bayan hannu, giris yana ɓata masa fuska.

Kafin ya kai mararraba duhu ya fara sauka. Ya kunna fitila. Tsuntsaye sun yi shiru, ba ka jin komai sai gurnanin inji da tsakuwa tana fashewa ƙarƙashin taya.

Sai ya ji ƙamshi. Man zafin nan ne da take shafawa a ƙirji lokacin jinya, haɗe da sabulun wankanta. Ya cika gaban motar har ya danne warin giris.

Bayan motar ya nutsa ta hagu, a hankali, kamar yadda yake yi in mutum ya taka taya ya hau ya zauna. Sifirin ya yi ɗan kuka. Hasken fitila ya ɗaga sama kaɗan.

Ƙwas. Ƙwas.

Zobe a kan gilashi, daidai bayan kansa.

Ƙafarsa ta sauka daga totur da kanta, ba shi ya sa ta ba. Bai waiwaya ba.

"Direba," in ji muryar, ƙasa-ƙasa, ta bayan gilashi. "A hankali."

Muryarta ce, har da ɗan dishin da jinya ta bar mata. Ya san wanda ya mutu ba ya dawowa, da hannunsa ya sa ta a ƙasa. Amma kewa ba ta jin karatu. Ya buɗe baki zai yi addu'a, abin da ya fito sai, "Kin ji yadda ta yi laushi yanzu?"

"Na ji," ta ce. "Wannan karon ka kai ni."

Ga mararraba a gabansa. Ya karya sitiyari hagu.

Hanyar nan da ciyawa ta rufe tun damina, yau ga ta fes a cikin fitila, shimfiɗe kamar an share ta. Ya ja ƙaramar giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja tare. Can nesa yana hango wani farin haske irin na ƙofar asibiti. Zuciyarsa ta ce, yau za ka kai ta da rai.

"Ƙara wuta," in ji muryar. "Mun kusa."

Ya ƙara.

Bayan motar ya ƙara nutsewa. Ya ji fallayen sifirin suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, suna ƙara kamar ana taune ƙarfe. Taya ta fara gugar bodi. Ƙaurin roba ya taso. Sitiyari ya yi sako-sako a hannunsa.

Nan ne hannun makaniki ya riga zuciyar miji farkawa. Kwanan nan ya loda injin babbar mota sukutum a bayanta don gwaji, sifirin nan bai ko yi nishi ba. Matarsa kuwa, ranar da ya ɗauke ta daga ɗaki zuwa katifa, ba ta fi ƙunshin wanki nauyi ba. Kuma tsawon zamansu, ko sau ɗaya ba ta taɓa ce masa ya ƙara gudu ba.

Ya ɗaga ido ya dubi madubi.

Tafin hannu ne manne da gilashi. Ga zoben. Amma yatsun sun yi tsawo, sun kai daga ƙasan gilashin har samansa, suna lanƙwasa a inda yatsa ba ya lanƙwasa.

Wani abu ya fara ɗiga a gefensa. Ya kalli kwano. Ruwan ya taru a leɓen gaba yana zuba ƙasa. Idonsa na ganin hanya a miƙe, ruwa yana gaya masa gangara suke yi.

Ya take birki da duk ƙarfinsa.

"A'uzu billahi!"

Farin hasken ya mutu. Hanyar ta ɓace. Fitila tana haska sarari, babu komai a cikinsa. Ƙasa tana zaizayewa ƙarƙashin tayoyin gaba, yana jin duwatsu suna faɗawa, ba ya jin saukarsu.

Ya sa giyar baya. Inji ya yi kururuwa. Motar ba ta motsa ba.

Ƙwanƙwasa ta koma duka. Gilashi ya tsage. Ƙamshin man zafi ya juye ya zama ɗoyin ruwan da ya daɗe a rami.

Sai aka fara kuka da muryarta.

"Za ka sake barina a hanya?"

Duk abin da ya gani a wurin nan, ba abin da ya kai wannan ciwo. Hannunsa ya kai kan marfin ƙofa. Saura ƙiris ya fita ya zagaya. Sai ya tuna yarinyar da ke tsaye bakin gareji dafe da ƙugu, wadda ba ta da wata motar, ba ta da wani uban.

"Matata tana inda na kwantar da ita," ya ce. "Wurin nan na 'yarta ne. Sauka."

Ya kama karatu da ƙarfi, yana tuntuɓe a kan ayoyin, ya danne totur har ƙasa.

Bam! Sifirin ya miƙe lokaci guda, bayan motar ya yi tsalle. Ƙafa huɗu suka kama ƙasa, Rariya ta ja da baya cikin ciyawa da duwatsu, bakin kwazazzabon ya rufta a inda take tsaye yanzun nan.

Bai sake duban madubi ba har gida.

Ya tarar da 'yarsa durƙushe a bakin ƙofa, matar mai walda tana riƙe da ita. Naƙuda ta taso. Babu lokacin ba da labari. Suka shimfiɗa katifa a baya, ya dubi gefen hagu, ya yi bisimilla ya kwantar da ita a wurin. A mararraba ya yi dama.

Motar tana tafiya kamar a kan tabarma, ba wanda ya ƙwanƙwasa gilashi. Shirun nan ne ya fi ƙarfinsa. Bai yi nisa ba ya taka birki, ya fito da gudu ya zagaya baya. Ya koma, ya ɗan taɓa tafiya, ya sake tsayawa. Har sai da 'yar ta ɗago kai cikin gumi ta ce, "Baba, don Allah ina nan da raina, ka tafi mana!" Kafin gari ya waye ta sauka lafiya a asibiti, an samu mace.

Da ya dawo da motar gareji, ya sa tafin hannu tsakanin taya da bodi. Dama ya shige, hagu ya shige, daidai wa daida. Mai walda ya buga masa kafaɗa, ya ce to ga shi ƙarfe ya ji magana. Mai gareji ya ce haka ne, ya zagaya bayan gareji inda ake tara tsofaffin tayoyi, ya zauna ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ya san abin da ya sauka a bakin kwazazzabo ba matarsa ba ne, ya gode wa Allah da ya raba shi da shi. Amma yanzu in ya buɗe gareji da safe, mota kawai yake tararwa.

Ya cire gilashin da ya tsage, ya sa sabo. Rariya kuwa ta zama motar unguwa, duk mai ciwo ita ke kai shi, kuma ba ta ƙara tankaɗe kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne mai gareji yake gindayawa kafin ya tayar da inji, yakan leƙo ya gaya wa na bayan: "Ka riƙa ƙwanƙwasa min gilashi, ko da ciwo ko babu. In ka yi shiru, tsayawa zan yi."