Ranar Farkon Tasi'u a Kamfanin Shinkafa

Ku matso. Kai Nazifi, in za ka yi dariya fita tun yanzu, ba na son iskanci.

Kun san Tasi'u na gidan Baba Ƙarami? To, shekarar da ya samu aiki a kamfanin gyaran shinkafa na bakin fadama, saura ƙiris a kawo mana gawarsa.

A wurin nan akwai ƙa'ida. Duk sabon ma'aikaci sai babba ya zaga da shi, ya nuna masa komai. Abu mafi girma shi ne famfon da ake sakin ruwan zafin da aka turara shinkafa da shi. Kafin ka buɗe, sai ka yi bismillah, ka buga bututun sau uku, ka ce, "Masu wuri, a kauce." Magudanar ruwan ta bi ta gidansu ne, mutanen ɓoye.

Wanda aka ba Tasi'u shi ne Oga Gwadabe. Mugu ne, wallahi na tsani mutumin nan. Ƙaninsa ya so a ɗauka, aka ɗauki Tasi'u.

"Ina kwana, Oga."

"Ba gaisuwa ta kawo ka ba. Ga tukwane, ga famfo. In an kira azahar ka saki ruwan."

"Shi ke nan, Oga?"

"Uwarka ce ni da zan yi maka tatsuniya?"

Aka kira azahar. Kowa ya fita. Rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi. Tasi'u ya murɗa famfo.

Ruwa ya tafi yana tururi. Sai ya ji ƙara daga cikin magudana, siririya, irin ta jariri. Sai shiru.

Ya juya. Ga wata mata tsaye, doguwa, da goyo a hannu an lulluɓe da tsumma. Ya dubi ƙasa. Cikin tafasasshen ruwan take tsaye, ba takalmi, ko gezau. Da ta yi magana bakinta bai motsa ba, muryar ta bayan kunnensa ta fito.

"Kai ka buɗe?"

"Ni ne, Inna."

"Ni ba innarka ba ce. Dubi bayan ɗana."

Bai iya dubawa ba. Ya ji hannunsa na dama yana ɗaukar zafi, tun daga yatsu, yana hawa.

"Baƙo ne kai?"

"Yau na fara."

Zafin ya tsaya a gwiwar hannu.

"Wa ya zaga da kai?"

Tasi'u ya kau da kai. Zafin ya kai kafaɗa.

"Ba na tambaya sau uku."

"Oga Gwadabe."

"Ya gaya maka a buga bututu?"

"Wallahi bai gaya mini ba."

"Shekara goma sha ɗaya shi Gwadaben yana bugawa," in ji ta. "Fita. Kada ka waiwaya."

Ya fita da gudu, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Yana isa bakin masallaci ya tarar da mutane sun yi cirko-cirko. Gwadabe na birgima a ƙasa yana ihu a zuba masa ruwan sanyi. Rigarsa a bushe take ƙayau. Da aka ɗaga ta, fatar bayansa ta biyo rigar.

Ke Hajara, daina toshe kunne, ke ce za ki fara aiki ranar Litinin. In wanda aka haɗa ki da shi ya nuna miki wuri da baki ya juya, kada ki taɓa komai. Ki nemi wani ya raka ki, ki tambaye shi su waye masu wurin.