Ka Ce Masa Mayar Ne

Ƙwallon ce ta fara gaishe ta kafin mai ita. 'Yar farar ƙwallon tebur, ta gangaro daga rumfar wani shagon kafinta a Birnin Kudu, ta ratsa dusar katako, ta tsaya a gefen takalmin Zuliha.

Zuliha malamar firamare ce daga Gwaram, ta zo duba bencinan da makarantarsu ta ba da aiki. Ta sunkuya ta ɗauki ƙwallon, ta murza ta tsakanin yatsu, ta ɗaga ta a haske.

"Ta tsage," ta ce. "Shi ya sa take karkacewa."

Abdulnasir, mai shagon, ya ajiye zarto yana kallonta. Yana da wani tebur da ya ƙera da hannunsa a gefen shago, inda samarin unguwa ke bugawa bayan la'asar, kuma duk gardamarsu babu wanda ya lura da tsagar nan.

"Malama, ashe kin san ta?"

"Na san ta a da," ta ce, ta miƙa masa.

Wannan "a da" ce ta kama shi. Kafin su gama lissafa bencina ya ji labarin. A sakandare ita ke buga wa makarantarsu, har da cin kofi. Da ta gama sai wasan ya mutu, don teburan Gwaram duk a bakin titi suke cikin maza, 'yar Alhaji Sabo mai hatsi kuwa ba za ta tsaya a can ba. Bat ɗinta, faifan buga ƙwallon, na ƙasan akwati, ba ta da wanda zai dawo mata da ƙwallo.

Ya karɓi lambarta saboda bencina. Bencinan nan sun sha tambaya. Safe da yamma sai an ji lafiyarsu, har bayan an kai su Gwaram yara sun fara zana sunayensu a jiki.

Cikin bazara ya aika mata da abin da ya shafe makonni yana haɗawa a ɓoye. Rabin tebur ne, a ƙarshensa wani allo a tsaye, an lulluɓe fuskarsa da robar da ya ɓanɓaro daga tsofaffin bat. A bayansa akwai noti, in an murɗa sai allon ya sunkuya ko ya ɗago. Ta buga a hankali ya dawo mata a hankali, ta murɗa ƙwallon ya dawo da ita a murɗe.

Ranar Zuliha ta manta da tuwo a wuta. Da yamma ta tura masa saƙo:

"Kafintana, na raɗa masa suna. Sunansa Mayar. Duk abin da na ba shi sai ya mayar mini, ba ya riƙe komai."

Ya amsa:

"Gwanata, a nan muka bambanta da shi. Ni abin da kika ba ni ba zan mayar ba har abada."

Ta karanta, ta kifa wayar a cinyarta tana murmushi, ta sake ɗauka ta karanta.

Daga nan gidan Alhaji Sabo ya sami sabuwar murya. Tak, tak, tak, a ƙarƙashin rumfar bayan ɗakin Inna Kubra, mahaifiyarta. Inna kan ce abin ya dame ta, amma sau da yawa sai a ga ta jawo tabarma kusa tana tsince shinkafa tana leƙe.

Alhaji ne abin bai yi wa daɗi ba. Da kawunnan Abdulnasir suka zo neman iri, ya karɓe su da mutunci, ya kuma gaya musu abin da ke ransa.

"Ba sana'arsa nake ƙi ba. Teburin da yake tara wa samari ne ban gane ba, ga shi har ya shigo mini da rabinsa gida. Ku ba ni lokaci."

A garinmu "ku ba ni lokaci" fuska biyu gare ta, kuma mutane sun fi son mummunar. Kafin kawunnan su isa tasha, labari ya zaga Gwaram cewa Alhaji ya hana.

Bayan tafiyarsu ya kira 'yarsa.

"Zuliha, zan yi bincike a kan yaron nan. Kafin in gama, ba kira, ba saƙo. Ba zan karɓi wayarki ba, bakinki nake so."

"Na yi alkawari, Baba."

Ya yarda ta tura saƙo ɗaya na ƙarshe. Ta rubuta:

"Baba ya ce in yi shiru sai ya gama bincike. Na yi masa alkawari. Ka yi haƙuri da ni."

Damina ta sauka. Rumfar ta fara yoyo daidai kan Mayar, robar ta kumbura ta ɗaɗɗago, ƙwallo ta koma dawowa a karkace. Zuliha ta tsaya tana kallonsa, sai wata dabara ta faɗo mata, har ta ji daɗin wayon kanta. Ta yi alkawarin barin kira da saƙo, ba ta yi alkawarin barin aika gyara ba. Allon zai je hannunsa, ya taɓa inda ta taɓa, ya dawo mata. Wannan ma ai gaisuwa ce.

Ta kwance allon, ta ɗauko allin ajinta ta zagaye duk inda robar ta ɗago, ta naɗe shi cikin buhu ta ɗaure. Ta tare Ɗanladi, direban bas ɗin da ke jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu.

"Ka kai wa Malam Abdulnasir kafinta. Ka ce masa Mayar ne, ya san abin da zai yi."

Ɗanladi bai san allo na da suna ba. Abin da ya sani shi ne abin da kowa ya sani, in gidan yarinya suka mayar wa saurayi da kayansa, magana ta ƙare. Ya kuma ji abin da gari ke faɗa. Ya ɗora buhun a kan bas yana girgiza kai, ya yi ta tausayin kafinta har Birnin Kudu.

Ya sauke a ƙofar shago, ya dafa kafaɗar Abdulnasir.

"Ɗan'uwa, sai haƙuri. Ita da kanta ta ba ni. Ta ce in ce maka mayarwa ce, ka san abin da za ka yi."

Abdulnasir ya shafa buhun, ya ji kusurwar allon da ya goge da hannunsa. Bai kwance igiyar ba. Ya ɗauka ya cusa bayan tarin katako, ya zauna a kan benci, hawaye suka zubo masa a gaban mutane, bai ko share ba. Da ya sami kansa ya rubuta:

"Na karɓi saƙo. Na gode da abin da ya wuce. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Zuliha na gyaran littattafan yara saƙon ya shigo. Ta karanta, ta ture littattafan gefe. Ita ta aika gaisuwa, shi ya aiko bankwana. Ashe ɗan jiran nan ya fi ƙarfinsa. Ta fara rubuta amsa, ta tuna bakin da ta ba mahaifinta, ta goge. Ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba.

Wallahi da wani a cikinsu ya rage kirki ko ya rage zuciya, da an huta. Ita alkawari ya ɗaure ta, shi kuma yana ganin kiran yarinyar da ta mayar da kayanka rashin ta ido ne. Haka damina ta wuce a kansu.

Rabin teburin na nan a rumfa, babu allo. Wata rana ta gwada bugawa, ƙwallon ta wuce ta faɗa kwata, ba ta ko bi ta ba. Ta rame, ta daina tsokanar Inna. Shi kuwa a Birnin Kudu ya naɗe teburin samari ya jingina, ya ce ba ya son jin ƙarar.

Sai ga Iliyasu, mai motocin haya da 'yan'uwa a Kano, ya fito neman aurenta. Ba mugu ba ne, yana da fara'a da haƙuri. Da ya ji tana son ƙwallon tebur, sai ya kawo mata inji daga Kano, wanda ake jona wa wuta ya dinga feso ƙwallaye. Ta yi godiya, ta gwada sau ɗaya ta rufe shi da zane.

"Bai yi ba ne?" Inna ta tambaya.

"Ya yi, Inna. Sai dai shi jefowa kawai yake. Bai san abin da na ba shi ba."

Duk da haka, da kaka ta zo aka ce magabatan Iliyasu za su zo jin amsa, Zuliha ta ce duk abin da Baba ya gani daidai ne. Ta faɗa da muryar wanda aka tambaya ko za a ƙara masa ruwa.

A makon nan ne Abdulnasir ya rasa ɗan guntun katako da zai yi wa wata tsohuwa kujera. Ya tuna da buhun. Ya ce gara ya yanka allon kowa ya huta. Ya jawo shi, ya kwance igiyar.

Robar duk ta kumbura. A kan kowane kumburi akwai zagayen farin alli, an yi shi a tsanake, irin na malamar da ke duba aikin yara. Ya tsaya da zarto a hannu. Wanda ya mayar maka da kaya ba ya nuna maka inda suka lalace. A hankali maganar Ɗanladi ta dawo masa, ya cire mata wutsiyar da direba ya ƙara.

"Mayar ne," ya faɗa a fili. "Innalillahi. Gyara ta aiko shi."

Ya ɓanɓare robar ya manna sabuwa. Washegari ya shiga bas da allon a cinyarsa. Bai nemi Zuliha ba, zauren Alhaji Sabo ya yi wa sallama, ya durƙusa ya faɗi komai, har da saƙon da ya tura.

Alhaji ya daɗe yana kallon allon.

"Ni ban mayar da komai ba," ya ce. "Na gama bincikena tun ana noman farko. An ce mini teburin naka ba a caca a kai, kuma da an kira salla kake kife shi. Na zauna jiran kawunnanka, sai na ji ka ɗauke ƙafa. Na ce ashe yaron ba da gaske yake ba."

"Baba, wauta ce tawa."

"Wauta ce, ba shakka." Alhaji ya nisa. "Ƙarar abin nan ta dame ni a da. Da ta tsaya sai gidana ya koma kamar an yi rasuwa. Jibi mutanen Iliyasu za su zo. Bari mu ji ta bakin mai abu."

Ya aika aka kira ta. Zuliha ta shigo zaure, idonta ya sauka kan allon kafin ya sauka kan mai shi.

"Na sauke miki alkawarin," Alhaji ya ce, ya tashi ya ba su wuri.

Ba ta zauna ba.

"Ka ce abin da na ba ka ba za ka mayar ba har abada."

"Ban mayar ba, Gwanata. Yana nan inda kika ajiye."

"To me ya sa da aka ce ni na mayar ka yarda? Ko buhun ba ka buɗe ba."

"Tsoro na ji. Na ga in na buɗe, abin ya tabbata."

"Damina guda, Abdulnasir. Kullum in na ji bas ya tsaya sai in leƙa."

Ya tura allon gabanta a hankali. Ta durƙusa ta shafa sabuwar robar, hawayenta na ɗiga a kai.

"Ka manna ta da kyau," ta ce da ƙyar.

"In ta sake ɗagowa, ki kawo shi da kanki."

"In kawo ina? Ai gida ɗaya za mu kasance, Kafintana."

Alhaji da kansa ya je ya ba Iliyasu haƙuri, shi kuma ya karɓa kamar namiji, ya ce injin a kai wa yaran makarantarta. An ɗaura aure bayan an gama sussuka. Ɗanladi ne ya ɗauki 'yan kai amarya, yana tuƙi yana rantsuwar shi abin da aka gaya masa ya faɗa, mata na yi masa dariya har Birnin Kudu. Inna Kubra ta riƙe hannun 'yarta ta ce Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa su dinga tambayar juna kafin su yi fushi. Kowa ya ce amin.

A tsakar gidan amarya Abdulnasir ya haɗa wa teburin ɗaya rabin, ya tsaya a inda Mayar yake tsayawa. Sai a ranar Zuliha ta gane mijinta ƙera tebur kawai ya iya. Ta buga, ya kai hannu ya rasa, ƙwallon ta shige ƙarƙashin randa.

"Mayar ya fi ka iyawa," ta ce tana dariya.

Ya rarrafa ya zaƙulo ƙwallon, ya goge ta a rigarsa, ya zagayo teburin ya sa mata a tafin hannu.

"Ya fi ni sauri dai," ya ce. "Amma ga ta, ta dawo."