Kular Furotin

Ranar da Asabe ta fara aiki a ɗakin bincike na unguwar Kakuri, ta fasa kwalbar gwaji. Abokin aikinta Zakariyya'u, ɗan unguwar Makera, ya tsugunna yana taya ta tsintar gilasai.

"Kar ki damu, Malama. Ni uku na fasa a makona na farko."

Shekara biyu suna lallaɓa wata ƙwayar cuta marar illa ta ƙera musu furotin irin na ƙwayar taifus, zazzaɓin da ƙananan ƙwarin ciyawa ke yaɗawa, don a samu abin gwada jinin majinyata. Kafin furotin ya samu, ya fara kiranta Haskena.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Baba Ishaku, Kirista mai sayar da ƙanƙara a unguwar Television, ko sauraro bai yi ba. An kashe ƙaninsa a rikicin addini na shekarar 2000.

"Musulmin Makera? Ba a gidana ba."

A Nuwamban 2002 gari ya sake kamawa da wuta. Da hantsi saƙo ya shigo wayarta: "Haskena, janareta ya mutu, furotin zai lalace. Ƙanƙararku ce mafi kusa. Ga ni nan."

Ta rubuta: "Kar ka zo, sun tare hanya." Saƙon ya ƙi tafiya.

Ihu ta jiyo a bakin layi. Ta fita ba takalmi, ta tarar da shi a ƙasa rungume da kular sanyin da ya zuba furotin a ciki, samarin unguwa sun kewaye shi, an sare shi a kafaɗa, jini ya jiƙa rigarsa. Ta faɗa kansa. Gorar da aka ɗaga masa ta sauka a hannunta, ta ji ƙashin ya karye.

Sai ga Baba Ishaku ya ratsa samarin.

"Baƙona ne. Mai son ransa ya fara da ni."

Kwana uku ya ɓoye shi a ɗakin ƙanƙara, shi da kansa yake wanke masa ciwon. A rana ta uku ya dubi kular.

"Wannan abin da ka kusa mutuwa a kansa, na su wa ne?"

"Na duk mai zazzaɓi ne, Baba. Ba ma tambayar sunansa."

Rabin furotin ɗin ya tsira. Hannun hagun Zakariyya'u bai sake ɗaguwa ba.

A watan Afrilu aka ɗaura auren. Baba Ishaku ya dafa kawunansu.

"Na ba ka ita, ɗana. Allah ya zaunar da ku lafiya."